Kuɗin ƙwaya a bankunan duniya: an bar jaki ana dukan taiki

Kwanakin baya na raka kawuna wani banki a nan Garwa. Sana'arsa fataucin kayan gyaran babura, ya fi shekara 20 a kai, yana saro su daga ƙasar Sin ta hannun wani wakilinsa da ke Gwanzu. Kuɗin kaya yake son turawa, sefa miliyan 18. Yarinyar da ke kan tebur ta duba takardunsa ta ce, "Baba, da saura. Sai ka kawo takardar kaya mai hatimin kamfanin can, da lambar harajinka, da shaidar inda kuɗin nan suka fito."

Kawu ya cire tabarau ya dube ta. "'Yata, inda suka fito kuma? Daga shagona mana. Tun ba ki fara aiki a nan ba nake ajiya a gidan nan."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Baba ba daga ni ba ne, daga sama ne."

Da muka fito, muna jiran mai moto a bakin titi, sai ya juyo ya ce da ni, "Kai da ka yi boko, wane ne wannan saman da kullum ake faɗa mana?" A ranar ban ba shi amsar kirki ba. Amsar tana da tsawo, kuma sai an bi ta wuraren da Kawu bai taɓa tunanin suna da alaƙa da shagonsa ba: Meziko, Landan, Kwatano da birnin Niyok na Amurka.

A fara da abin da ke hana dillalin ƙwaya barci. Shigo da kaya da sayar da su yana da haɗari, amma akwai masu yi masa wannan. Babbar wahalarsa ita ce kuɗin da ke dawowa. Mai shan tiramol ko hodar iblis ba ya biya da cek, tsabar kuɗi yake miƙawa, ƙananan takardu masu datti da maiƙo. Takardar kuɗi guda nauyinta kusan giram ɗaya ne. Sefa biliyan 1 a takardun jaka goma-goma takarda 100,000 ke nan, kusan kilo 100, wato cikakken buhun masara. In kuwa a takardun jaka ɗai-ɗai ne, irin waɗanda ke yawo a hannun samari a tasha, buhu goma ke nan. Ba ka iya sayen jirgin ruwa da buhu goma na takarda, ba ka iya biyan wanda ya saro maka kaya a Indiya ko Kolambiya da su. Ɓera na ci, danshi na ruɓar da su, yaranka na iya yashe ka. A watan Maris na 2007 'yan sandan Meziko sun shiga gidan wani ɗan kasuwa mai suna Zhenli Ye Gon suka tarar da tsabar kuɗi sama da dalar Amurka miliyan 200 jibge cikin ɗaki. Kuɗin da ke jibge a ɗaki haka shaida ce a kan mai su, ba su zama dukiya ba tukuna.

Abin da ake kira halatta kuɗin haram, ko wanke kuɗi, shi ne aikin mai da wannan tsibin takarda ya zama lamba a asusun banki, mai tarihin da za a iya nuna wa kowa. Kalmar "halatta" ɗin ma aron baki ce, don haram ba ta zama halal saboda ta ratsa ta banki. Idon hukuma kawai ake rufewa. Mataki mafi wuya shi ne na farko, shigar da tsabar cikin banki. A ƙasashen CEMAC shida, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, har da Kamaru da Cadi, cinikin tsabar kuɗi da ya kai sefa miliyan 5 sai an sanar da hukuma, kamar yadda yake a Amurka in ya wuce dala 10,000. Sai masu abin su rarraba: yaro goma, kowa ya kai miliyan 4 da ɗoriya, banki daban, rana daban. Ko a buɗe sana'ar da dama can tsabar kuɗi take tarawa, gidan mai, otal, kamfanin motocin haya, a riƙa rubuta cinikin da ba a yi ba. Da kuɗin sun shiga, sai a shiga ɓatar da sawu, daga wannan asusu zuwa wancan, daga kamfanin da bai wuce suna a takarda ba zuwa wani irinsa a wata ƙasa, har mai bincike ya gaji. A ƙarshe su dawo hannun mai su da sunan ribar kasuwanci, ko bashi, ko kuɗin hayar gida.

Nawa ne ke bin wannan hanya? Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC, ya fitar da ƙiyasi a 2011 cewa a shekarar 2009 kaɗai an wanke kimanin dala tiriliyan 1.6 na kuɗin laifuka iri-iri, kashi 2.7 cikin 100 na arzikin da duniya ta samar a shekarar, kuma fataucin ƙwaya ne kaso mafi tsoka a kuɗin gungun masu laifi na ƙasa da ƙasa. Abin da hukumomi ke kamawa, inji rahoton, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuɗi masu wannan yawa ba sa wucewa ta aljihun 'yan canji kaɗai. Dole sai da manyan bankuna, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Wannan ba zargi ba ne, bankunan da kansu sun amsa a gaban hukuma. A watan Afrilun 2006 sojojin Meziko suka kama wani jirgin sama ƙirar DC-9 a garin Ciudad del Carmen ɗauke da tan 5.7 na hodar iblis. Da aka bi sawun kuɗin da aka sayi jirgin, sai ga bankin Wachovia, ɗaya daga cikin manyan bankunan Amurka a lokacin. Bincike ya nuna tsakanin 2004 da 2007 bankin ya bar dala biliyan 378 sun ratsa ta cikinsa daga gidajen canji na Meziko ba tare da sa idon da doka ta wajabta ba. Ba duka ne kuɗin ƙwaya ba, amma bankin bai damu ya tantance ba. Wani ma'aikacinsa a Landan, Martin Woods, tsohon ɗan sanda, ya yi ta rubuta wa manyansa gargaɗi. Shi ne ya ƙare da barin aiki. A 2010 bankin ya biya dala miliyan 160 aka rufe maganar, ba wanda ya kwana a kurkuku.

Na HSBC, babban bankin Ingila, ya fi wannan fitowa fili. A watan Disambar 2012 bankin ya amince ya biya dala biliyan 1.9 bayan ya amsa cewa aƙalla dala miliyan 881 na gungun Sinaloa na Meziko da gungun Norte del Valle na Kolambiya sun bi ta hannunsa. Akwai abu ɗaya cikin takardun ma'aikatar shari'ar Amurka da ya tsaya mini a rai: masu kawo kuɗin sun saba da rassan bankin a Meziko har suka sa aka ƙera musu akwatuna daidai faɗin tagar mai karɓar kuɗi, don a tura su ciki cikin sauƙi. Ka yi tunanin ma'aikacin da ke bayan wannan taga, kullum akwati iri ɗaya na shigowa, dubban ɗaruruwan daloli a rana. Ya sani, manajansa ya sani. Tarar da aka ci bankin ribar 'yan makonni ce a wurinsa. Da 'yan majalisar dattawa suka matsa wa ministan shari'ar Amurka na lokacin, Eric Holder, a watan Maris na 2013, ya amsa cewa girman wasu bankuna ya sa gurfanar da su ke da wuya, don ana tsoron abin da hakan zai yi wa tattalin arziki. Kuma kada a ɗauka tsohon labari ne. A watan Oktoban 2024 bankin TD na Kanada ya amsa laifi a Amurka ya biya kimanin dala biliyan 3, bayan an gano gungun masu wanke kuɗi sun ratsa da sama da dala miliyan 670 ta cikinsa, ɗaya daga cikinsu yana raba wa ma'aikata katunan sayayya na kyauta har na dala 57,000.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Banki ajiya yake nema, kowace shigowa da fitar kuɗi yana da lada a kai, sashen da ke bincike kuwa kashe kuɗi kawai yake yi ba ya kawowa. Manajan reshe da yawan ajiya ake auna shi. A lokacin matsi abin ya fi muni. Antonio Maria Costa, wanda ya shugabanci UNODC, ya faɗa wa jaridar Observer ta Ingila a watan Disambar 2009 cewa a tsakiyar rikicin kuɗi na 2008, lokacin da bankuna suka daina ba juna bashi, kuɗin ƙwaya ne kaɗai tsabar da wasu bankuna suka samu, kuma akwai alamun da su aka ceto wasu. Bai ambaci sunan banki ko ɗaya ba, bankunan Ingila kuma sun musanta. Amma mutumin da ke riƙe da wannan kujera ba ya furta irin wannan magana a banza.

Dattawan 'yan kasuwarmu za su tuna BCCI, bankin da Agha Hasan Abedi ya kafa a 1972, mai rassa a ƙasashe sama da 70, har da Kamaru da Najeriya. Shi ya riƙe kuɗin Manuel Noriega na Panama, an kuma kama jami'ansa a Amurka a 1988 kan wanke kuɗin hodar iblis ta Kolambiya. Da aka rufe shi a watan Yulin 1991, masu ƙananan ajiya a ƙasashe irin namu ne suka yi ta sintiri a ƙofarsa.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na motoci. A watan Fabrairun 2011 ma'aikatar kuɗin Amurka ta ayyana Lebanese Canadian Bank na Beirut a matsayin matattarar wanke kuɗi, bisa zargin yana yi wa gungun wani mai suna Ayman Joumaa aiki. Yadda hukumomin Amurka suka zayyana abin, ana kai hodar iblis daga Kudancin Amurka zuwa Turai, wani kason ta Yammacin Afirka. Daga Labanon kuma ana tura kuɗi ta banki zuwa ga dillalan tsofaffin motoci kusan 30 a Amurka, sama da dala miliyan 300 cikin 'yan shekaru. Su sayi motoci, a loda a jirgin ruwa zuwa Kwatano, a sayar. Tsabar kuɗin cinikin motocin sai a gauraya ta da tsabar kuɗin hodar, a kwashe zuwa Labanon da sunan kuɗin mota. Wa zai iya raba su? Duk wanda ya san filayen motocin Kwatano ya san inda motocin nan ke tafiya: Nijar, Najeriya, Cadi, wasu har nan. Mutumin da ya tara kuɗin guminsa ya sayi mota bai aikata laifin komai ba, amma mai yiwuwa kuɗinsa ne ruwan da aka yi wankin da shi. Wannan salo, wato wanke kuɗi ta hanyar kaya, shi ya fi wuyar kamawa, domin kowace takarda gaskiya ce: akwai mota, akwai jirgi, akwai takardar duwan. Wani lokacin ma farashin kawai ake murɗawa, kwantenar da ta ci miliyan 20 a rubuta miliyan 60, bambancin ya tsallaka iyaka da hatimin banki a kansa.

Yankinmu ya daɗe da zama hanya. A watan Nuwamban 2009 aka tsinci ƙonannen jirgi ƙirar Boeing 727 a hamadar arewacin Mali, wanda ya taso daga Benezuwela, aka yi imanin hodar iblis ya sauke. UNODC ta ce hodar da ake kamawa a ƙasashen Sahel ta tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Mu dai abin da ya fi cin yaranmu shi ne tiramol, wanda mafi yawansa daga Indiya yake fitowa. A farkon 2020 aka kama katan 246 nasa a Cadi a kan hanyar Libiya, aka ƙiyasta kuɗinsu sama da sefa biliyan 12, kuma a watan Yulin shekarar kotu ta ɗaure mutanen da suka haɗa da hafsoshin soja da jami'an leƙen asiri. An yi ta maganar katan-katan ɗin. Tambayar da ni ta dame ni ita ce: da kayan sun isa, ina biliyan 12 ɗin za su shiga? Sun fi buhu goma sha biyu ko da a manyan takardu ne.

A wurinmu mafi yawansu ba sa ma buƙatar banki tun da farko, tunda kusan komai da tsaba ake sayensa. Fili ake saya, a biya a tabarma gaban shaidu. Garken shanu ake saya, wanda ba ya da rajista, yana tsallaka iyaka da ƙafarsa. Zinariya ake saya, irin wadda ake haƙowa a Kuri Bugudi can arewacin Cadi, kilo guda ya shiga aljihun riga, a Dubai ya zama dala mai takarda. Bene ake ginawa, ko da ba mai haya. Ban ce duk mai bene ko mai garke haka yake ba, Allah ya kiyaye ni da zargin bayinsa. Mutanenmu sun yi arziki da albasa da shanu da auduga tun kafin a san tiramol. Amma ɓarnar a bayyane take ga mai ido. Wanda ke wanke kuɗi ba riba yake nema a shagon ba, ko ya yi asarar kashi 10 cikin 100 ya ci nasara, don sauran sun fito da tsabta. Sai ya karya farashi. Maƙwabcinsa da ya ci bashi ya saro kaya ba zai iya bin sa ba, wata shida ya rufe. Haka fili: mai buhun kuɗi ba ya taya, abin da aka ce shi yake biya, gobe malamin makaranta ya nemi inda zai gina ɗaki biyu ya tarar farashin unguwar ya ninka. Ga kuma ɗan moto da ke haɗiyar ƙwaya don ya yi aikin dare, wanda jakarsa ɗai-ɗai ce ta tara buhun tun asali.

Yanzu a dawo kan saman da Kawu ke tambaya. Bankin da ke Garwa ko Marwa ko Njamena ba ya iya biyan dala da kansa. Dole ya kasance yana da asusu a wani babban banki na waje, wanda zai biya a madadinsa, kuma kusan duk dalar da ake turawa ta banki a duniya sai ta ratsa ta Amurka. Da wannan igiya Amurka ke ɗaure kowa. A 1989 ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa hukumar GAFI a Paris, shekara guda bayan yarjejeniyar Viyana ta 1988 kan fataucin ƙwaya, ita ke tsara ƙa'idojin yaƙi da wanke kuɗi da kowace ƙasa za ta bi. A yankinmu GABAC ke wakiltar wannan aiki, kowace ƙasa kuma tana da hukumar binciken kuɗi da ake kira ANIF, wadda bankuna ke kai wa rahoton duk cinikin da suke shakka. A watan Yunin 2023 GAFI ta sa Kamaru cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido na musamman, watanni huɗu bayan ta sa Najeriya. Ƙari a kan haka, tun 2019 babban bankin BEAC ya tsaurara dokar fitar da kuɗi waje, galibi don kare ajiyarsa ta kuɗin ƙetare. Waɗannan duka su suka taru a kan teburin yarinyar nan.

Manyan bankunan da aka ci tara sun koyi darasi, amma irin nasu. Suka zauna suka yi lissafi: abokin hulɗa babba mai haɗari yana kawo riba mai yawa, a riƙe shi a ƙara masa takardu, ƙaramin banki a ƙasa matalauciya yana kawo riba kaɗan da ciwon kai, a sallame shi. Alƙaluman BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe da ke Basel a Suwizalan, sun nuna irin wannan alaƙa tsakanin bankuna ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 daga 2011 zuwa 2018. A 2013 Barclays ya sanar da rufe asusun kamfanonin tura kuɗi da dama a Ingila, har da Dahabshiil, wanda Somaliyawa ke aika wa iyayensu kuɗin abinci ta hannunsa, sai da aka je kotu. Ba Somaliyawan nan ne suka ƙera akwati daidai tagar banki ba. Bankin da ke nan kuwa, don kada a yanke masa igiyarsa ta waje, sai ya huce a kan wanda ke gabansa.

Ba ina cewa a soke ƙa'idojin ba. Na ga abin da tiramol ya yi wa samari a unguwarmu, kuma na yi imani wanda ya bi sawun kuɗin ya fi wanda ke kama yara masu ƙulli biyu a aljihu amfani. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne inda nauyin ya sauka. Babban dillali yana da lauya da akanta, takardunsa sun fi na kowa kyau, shi ne ma ba a tsayarwa. Wanda takarda ke kayarwa shi ne ɗan kasuwar da ya gina sana'arsa a kan amana da baki, wanda littafin cinikinsa ajami ne cikin ƙaramin littafin makaranta. In da gaske ake, a san ainihin mai kowane kamfani da kowane babban fili, a daina karɓar sunan ƙane ko direba. A tambayi mai sayen gidan miliyan 200 da tsaba abin da ake tambayar Kawu. A can waje kuma a fara ɗaure manajan da ya sa hannu, tunda tarar daga aljihun banki take fita, ba daga nasa ba.

Kawu ya yi mako uku yana kai takarda ana ce masa da saura, wakilinsa na kira daga Gwanzu cewa mai kaya zai sayar wa wani. A ƙarshe ya yi abin da yawancin 'yan kasuwarmu ke yi daga nan har Kuseri: ya kai sefarsa wurin wani ɗan canji da ya sani, aka buga waya, kafin la'asar wakilinsa ya karɓi kuɗin Sin a hannu. Ba sisin da ya tsallaka iyaka. Ɗan canjin mutumin kirki ne, na san shi, yawancinsu ma haka suke, kuma hawala ta girmi bankunan nan duka. Sai dai shi ma wani ne ya biya a madadinsa a can, wancan kuma wani ya ba shi, kuma a wannan zamani irin wannan musaya ce masu wanke kuɗin ƙwayar Turai da Amurka suka fi so: su ba da nasu inda ake neman kuɗin waje, su karɓi na ɗan kasuwa mai tsabta a wani wurin. Da na yi masa wannan bayani a shago, ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To ɗana, kuɗin da aka ba yarona a can, na wane ne?" Na ce masa ni ban sani ba, ɗan canjin ma bai sani ba. Kayan sun iso Duwala wata biyu bayan nan, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Gaundare.